Yadda Ma'aikacin Gwamnati Zai Kai Rahoton Almundahana a Wurin Aikinsa Ba Tare da Ya Rasa Kariyar Doka Ba

Na daɗe ina taya abokan aiki rubuta takardar rahoton almundahana, wani lokaci a matsayin wakilin ƙungiyar ma'aikata, wani lokaci don kawai an san na saba. Abin da ya fi damuna shi ne yawancinsu sai aikin gama ya gama suke zuwa. Mutum ya ga an biya kuɗin kwangilar da ba a yi ba, ransa ya ɓaci, ya faɗa ofishin shugabansa ya amayar da abin da ke cikinsa da baki, ya fito. Bayan wata biyu sai ga takardar tuhuma a kan makara, daga nan sai canjin wurin aiki. In na tambaye shi ranar da ya yi maganar, sai ya ce wajen tsakiyar wata ne. Wa ya ji? Babu. Ina kwafin? Babu. Gaskiya tana hannunsa, amma ba shi da abin da zai ajiye a gaban alƙali.

Kusan duk dokokin kare masu fallasa ɓarna abu uku suke nema ka nuna: cewa abin da ka faɗa yana cikin laifukan da dokar ta lissafa, cewa ka faɗa wa wanda dokar ta amince a faɗa wa, kuma cewa cutarwar da aka yi maka ta biyo bayan wannan magana ce. Duk matakan da ke ƙasa don tanadin waɗannan ukun ne tun kafin a buƙace su, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Abubuwan da za ka tanada

- Littafin rubutu ɗinkakke mai lambar shafi, da biro. Kada ka ɗauki wanda ake iya cire shafinsa. A gida zai zauna, ba a durowar ofis ba.
- Takardar ɗaukarka aiki, da littafin ƙa'idojin aikin gwamnati, da duk wata takardar rantsuwar riƙe sirri da ka taɓa sa wa hannu.
- Kwafin dokar kare masu fallasa ta ƙasarka ko jiharka, in akwai, da tsarin kai rahoto na ma'aikatarku.
- Takardun tantance ƙwazonka na shekara 3 da suka wuce, da duk wata takardar yabo, da takardun albashi. Wannan shi mutane suka fi mantawa, kuma shi ne zai ƙaryata su ranar da aka ce dama kai malalaci ne.
- Waya da adireshin imel naka na kanka. Kwamfutar ofis da imel ɗin ofis mallakar ma'aikata ne, ana iya karanta su, ana iya rufe maka su cikin minti ɗaya.
- Mutum ɗaya mai ba da shawara: lauya, ko wakilin ƙungiyar ƙwadago da ka yarda da riƙon amanarsa.

In ba ka da halin ɗaukar lauya, nemi ofishin taimakon shari'a kyauta, ko wata ƙungiya mai zaman kanta da ke yaƙi da cin hanci. In littafin ya gagara, ka riƙa aika wa kanka saƙo ta imel ɗinka a ranar da abu ya faru. Kwanan watan da ke kan saƙon shi ma shaida ne.

1. Raba ɓarna da ƙorafi

Zauna ka tambayi kanka: wa abin ya cutar? In kai kaɗai ne, an hana ka ƙarin girma ko an riƙe maka alawus, wannan ƙorafi ne, kuma yana da tasa hanyar daban. Abin da dokokin fallasa ke karewa shi ne maganar da ta shafi jama'a: sama da faɗi da dukiyar gwamnati, aringizon kuɗin kwangila, ma'aikatan bogi a takardar albashi, karɓar na goro, karya doka, abin da ke jefa lafiya ko rayukan mutane cikin haɗari, da kuma ɓoye ɗaya daga cikin waɗannan. A Birtaniya tun 2013 sai ma'aikaci ya nuna yana da dalilin gaskata cewa maganarsa ta shafi amfanin jama'a kafin dokar kare masu fallasa ta 1998 ta kare shi.

In kana da duka biyun, ƙorafi da rahoto, ka rubuta takarda biyu. Wanda ya gwama su ya ba abokan hamayyarsa abin faɗa: ai haushin ƙarin girma ne.

Ba sai ka tabbatar da laifin ba, wannan aikin masu bincike ne. Abin da ake nema a wurinka shi ne dalili mai ƙarfi wanda duk mai hankali da ya ga abin da ka gani zai yi irin zatonka.

2. Bincika ko doka ta san rahoton cikin gida

Nan ne ramin da ya fi cin mutane, don haka zan ɗan tsaya. Hankali yana ba mutum cewa faɗa wa shugabansa shi ne ladabi kuma shi ne mafi aminci. Ladabi ne, amma ba ko'ina doka ta ɗauke shi rahoto ba.

A jihar Teksas ta Amurka, dokar kare ma'aikatan gwamnati ta ce sai an kai rahoto ga hukumar da ke da ikon aiwatar da dokar da aka karya. Kotun ƙolin jihar ta sha yanke hukunci cewa faɗa wa shugaban sashe, wanda ikonsa bai wuce ladabtar da na ƙasa da shi ba, bai cika wannan sharaɗi ba. Ma'aikaci ya yi abin da kowa zai kira daidai, aka kore shi, kotu ta ce dokar ba ta rufe shi ba.

A matakin tarayya ma akwai shari'ar Garcetti da Ceballos ta 2006. Richard Ceballos mataimakin mai gabatar da ƙara ne a Los Angeles. Ya rubuta wa shugabanninsa cewa akwai bayanan da ba daidai ba a takardar rantsuwar da aka yi amfani da ita wajen samo izinin bincike, daga baya ya ce an rama ta hanyar sauya masa aiki da hana shi ƙarin girma. Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai 5 a kan 4, ta ce maganar da ma'aikaci ya yi a cikin aikinsa na yau da kullum ba ta shiga kariyar 'yancin faɗin albarkacin baki da tsarin mulki ya bayar. Darasin da ke ciki ga akanta da odita da sufeto babba ne: su da aikinsu ne gano ɓarna, su ne kariyarsu ta fi rauni in babu doka ta musamman. Sai a 2012 majalisar Amurka ta gyara dokarta ta 1989, ta fayyace cewa ma'aikacin tarayya yana da kariya ko da shugabansa ya faɗa wa, ko da wanda ake zargin ne ya faɗa wa, ko da wani ya riga shi faɗa.

A wasu wuraren kuma rahoton cikin gida shi ne mafi sauƙin samun kariya. Haka abin yake a Birtaniya, da Afirka ta Kudu ƙarƙashin dokarta ta 2000, da Gana ƙarƙashin dokarta ta 2006 wadda ta sa mai ɗaukar aiki cikin jerin waɗanda ake iya kai wa rahoto. Dokar Tarayyar Turai ta 2019 ta ƙarfafa a fara daga ciki, amma ta bar wa ma'aikaci zaɓin zuwa hukumar waje kai tsaye.

Ka kuma lura da bambancin doka da manufa. Tsarin kwarmata bayanai da ma'aikatar kuɗi ta Najeriya ta ƙaddamar a Disamban 2016, mai alkawarin ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato, manufa ce ta ɓangaren zartarwa, ba doka ce da majalisa ta zartar ba. Manufa tana da amfani, amma ba ta da ƙarfin doka a gaban kotu.

Don haka ka buɗe dokar wurinku ka nemi amsar tambaya huɗu: ta shafi irin ma'aikacin da kake (na dindindin, na wucin gadi, mai sanye da kaki)? Wa ta ce a faɗa wa? Dole ne a rubuce? Kwana nawa kake da shi ka kai ƙara in an cutar da kai? In ka ga dokar ba ta san rahoton cikin gida ba, ka shirya aika kwafi ga hukumar da ta sani a rana guda. In babu dokar sam, madogararka su ne ƙa'idojin aikin gwamnati, da dokar ƙwadago kan kora ba bisa ƙa'ida ba, da tanadin kare masu ba da bayani da ke cikin dokokin hukumomin yaƙi da rashawa.

3. Tara hujja ba tare da ka zama mai laifi ba

Fara littafinka yau. Kowane abu layi ɗaya: rana, lokaci, wuri, waɗanda ke nan, abin da ka gani ko ka ji da kunnenka. In wani ne ya ba ka labari, rubuta cewa labari aka ba ka. Kada ka koma ka goge ko ka gyara tsohon shafi. In ka tuna wani abu, sabon layi da sabon kwanan wata.

Game da takardu kuwa, ka tsaya a kan abin da aikinka ya kawo gabanka. Kada ka buɗe fayil ɗin da ba a ba ka ba, kada ka shiga kwamfuta da lambar sirrin wani, kada ka ɗauki asalin takarda ka kai gida. Na ga wanda rahotonsa gaskiya ne tsantsa, amma aka kore shi a kan fitar da fayil, kuma korar ta tsaya. Lambar bauca (takardar biyan kuɗi), da kwanan wata, da adadin kuɗi, da inda fayil ɗin yake, sun ishi mai bincike na gaskiya ya gano sauran. Takardar da aka buga wa hatimin sirri kuwa, ko mai ɗauke da bayanan marasa lafiya ko na tsaro, kada ka kwafe ta sai ka ji daga lauya. A Birtaniya, fallasar da yin ta kansa laifi ne ba ta samun kariya. A Amurka, bayanan sirri sai ta hannun sufeto janar (jami'in da ke binciken ɓarna a ma'aikatar) ko ofishin da doka ta ware.

Naɗar murya a ɓoye halal ce a wasu ƙasashe, laifi ce a wasu. Tambaya kafin ka danna.

Kuma ka riƙe bakinka. Abokin da kuke hira da shi kullum yana da nasa abokin.

4. Zaɓi wanda za ka kai wa

In ma'aikatarku tana da tsari a rubuce, bi shi sau da ƙafa. In babu, duba waɗannan: sashen binciken kuɗi na cikin gida, sashen yaƙi da rashawa ko ɗa'ar aiki, lauyan ma'aikata, babban sakatare ko shugaban hukuma, sai hukumar gudanarwa. Ƙa'idata ita ce mutum mafi kusa wanda hannunsa ba ya cikin lamarin kuma yana da ikon sa a yi bincike. In sa hannun shugabanka na kan baucar, tsallake shi, ka rubuta dalilin tsallakewar a jimla ɗaya cikin ladabi.

5. Da suna ko babu suna

Hanya uku ce. Ka sa sunanka a fili. Ko ka ba mai karɓa sunanka ka nemi ya ɓoye shi. Ko ka aika babu suna sam.

Rashin suna yana da daɗin ji, amma yana da tsada. Mai bincike ba zai iya dawowa ya yi maka tambaya ba. A ofis mai mutum shida, kowa ya san wa ke ganin waɗannan takardu. Mafi muni, in an gane ka aka rama, kai ne za ka sha wahalar nuna cewa sun san kai ne, alhali kariyar duk a kan wannan sanin ta rataya.

Hanya ta biyu na fi ba da shawara, amma da ido buɗe. Satyendra Dubey injiniya ne a hukumar manyan hanyoyin Indiya. A 2002 ya rubuta wa ofishin firaminista kan almundahana a aikin hanya, ya roƙi a ɓoye sunansa, amma aka tura takardar zuwa ma'aikatar da abin ya shafa har da bayanan ko shi wane ne. Ba sai da mugun nufi ake irin wannan ba, magatakarda ne kawai ke tura takarda yadda ya saba. Saboda haka ka raba takardarka biyu: shafin farko mai sunanka da roƙon a sakaya, sauran shafukan kuma babu suna, babu wata kalma da za ta nuna teburin da kake zaune.

6. Rubuta rahoton

Shafi ɗaya ko biyu ya isa. A sama ka sa kwanan wata, da sunan muƙamin wanda kake rubuta wa, da kanun da ke cewa ƙarara wannan rahoton ɓarna ne ƙarƙashin doka kaza ko tsari kaza. Wannan layin yana hana a ce daga baya ai an ɗauka shawara ce kake bayarwa.

Sai bayani, a jere bisa kwanan wata. Kotunan Birtaniya sun bambanta ba da bayani da jefa zargi, kuma bambancin yana da amfani ko'ina. "Ana sata a sashen sayayya" zargi ne. Bayani shi ne ka ce a rana kaza an biya kuɗin kwamfuta 40 da bauca mai lamba kaza, kai ka karɓi kayan a sito, 25 ka ƙirga, kuma rajistar sito ta nuna 25. Na biyun ba ya buƙatar ka kira kowa ɓarawo, lissafin ya yi magana da kansa.

Kada ka yi ƙari. In 15 suka ɓace ka ce 20, a kan biyar ɗin nan za a tsaya har a manta da sha biyar. Kada ka yi zagi, kada ka shiga niyyar mutum, kada ka kawo addininsa ko ƙabilarsa ko rayuwar gidansa. Inda zato kake yi, rubuta "ina zaton". Ka ambaci ƙa'idar da kake ganin an karya in ka san ta. A ƙarshe ka nemi abu uku: a bincika, a adana takardun da ka lissafa kada su salwanta, a ba ka amsa a rubuce.

Ajiye ta ta kwana, ka sake karantawa da safe. Duk jimlar da fushi ya rubuta, cire ta.

In rubutu yana ba ka wahala, ka faɗa da baki a gaban shaida, ka nemi a rubuta a karanta maka kafin ka sa hannu. Dokar Gana ta wajabta wa mai karɓa ya rubuta rahoton baki, ya kuma sa a karanta wa wanda bai iya karatu ba a harshen da yake ji. In kuma ka riga ka yi maganar da baki, kada ka karaya: aika takarda yau kana cewa kana tabbatar da abin da ka faɗa a rana kaza, ka maimaita shi.

7. Miƙa, ka karɓi shaida

Buga kwafi biyu. A buga hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannu a kan naka. In an ƙi, aika ta gidan waya da rajista ko ta kamfanin kai saƙo, ka adana rasit. Ko ka tura ta imel. Naka kwafin ya kwana a gida, wani kuma a wurin lauya.

8. Zaman jira

Wasu dokokin sun sa wa'adi. A Tarayyar Turai sai an sanar da kai an karɓa cikin kwana 7, a kuma ba ka bayanin inda aka kwana cikin wata 3. A Afirka ta Kudu, bayan gyaran 2017, mai ɗaukar aiki yana da kwana 21 ya yanke shawarar ko zai bincika, ya sanar da kai a rubuce. In wurinku babu wa'adi, ka aika tuni bayan mako 2, sannan bayan wata guda. Shirun da aka yi maka bayan tuni biyu shi ne hujjarka ta fita waje.

A wannan lokacin ka zama ma'aikacin da ba a samun sa da laifi. Ka zo da wuri, ka nemi izinin fita a rubuce, kada ka bar aiki ya taru. In an kira ka ganawa, nemi zuwa da wakilin ƙungiya, bayan an tashi ka aika taƙaitaccen abin da aka tattauna. In an ce ka sa hannu a kan takardar da ka san ƙarya ce, ka ƙi a rubuce, cikin girmamawa. Facebook da WhatsApp kuwa ka nisance su da wannan magana gaba ɗaya.

9. In bita-da-ƙulli ta fara

Ba kasafai take zuwa da sunan kora ba. Takan zo ne a matsayin canjin wurin aiki zuwa inda ba kowa, ko a daina kiranka taro, ko a kwashe aikin da ke teburinka, ko a tono laifin shekara biyar, ko makin ƙwazonka ya faɗi ba dalili. Kowanne ka sa shi a littafi, ka kuma rubuta yadda aka yi wa wasu da suka yi irin abin da ake tuhumarka da shi.

Takardar tuhuma ka amsa ta cikin wa'adinta, ka amsa abin da aka tambaya, sannan ka ƙara layi ɗaya: kana lura cewa ta zo ne bayan rahotonka na rana kaza. Kusancin kwanakin nan biyu makami ne. A dokar tarayyar Amurka, in ka nuna rahotonka yana cikin dalilan matakin, nauyi ya koma kan ma'aikata ta kawo hujja bayyananniya cewa ko babu rahoton haka za ta yi. Dokar Turai ma ta juya nauyin hujja zuwa kan mai ɗaukar aiki. A Teksas, matakin da aka ɗauka cikin kwana 90 bayan rahoto ana ɗaukarsa ramuwa ce har sai an nuna akasin haka.

Kada ka ajiye aiki cikin fushi. Wanda ya yi murabus da kansa ya sauƙaƙa musu, shari'arsa kuma ta ƙara wuya. Kada ka sa hannu kan takardar sulhu ko ta yin shiru a ranar da aka miƙo maka ita. Ka tafi da ita wurin lauya. A Birtaniya duk sharaɗin da ke hana ma'aikaci fallasar da doka ta kare ba shi da inganci, amma ba ko'ina haka yake ba.

Wa'adin ƙara gajere ne ƙwarai. A Birtaniya, mai neman kotun ma'aikata ta sa a ci gaba da biyansa albashi kafin a gama shari'a kwana 7 kacal yake da shi daga ranar kora. A Teksas wa'adin shigar da ƙara kwana 90 ne. A Gana hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da adalcin gudanarwa ake kai wa kukan muzgunawa. Ka san naka wa'adin da naka ofishin tun a mataki na biyu, ka rubuta su a bangon littafinka.

10. Lokacin fita waje

Ka wuce zuwa hukumar waje, wato babban mai binciken kuɗi na ƙasa, ko hukumar yaƙi da rashawa, ko kwamitin majalisa, ko 'yan sanda, in ɗaya daga cikin waɗannan ya faru: an yi shiru bayan tuni, an fara ɓatar da takardu, wanda ake zargi shi aka ba binciken, ko rayukan mutane na cikin haɗari yanzu-yanzu. Takardar da ka riga ka rubuta ita za ka aika, haɗe da shaidar karɓa da takardun tuni. 'Yan jarida su ne zangon ƙarshe, domin a nan ne sharuɗɗan kariya suka fi tsauri a kusan kowace doka. Kada ka je sai da shawarar lauya.

Maganar tsaron rai kuma ba ta jiran mataki. Babita Deokaran babbar jami'ar kuɗi ce a ma'aikatar lafiya ta lardin Gauteng a Afirka ta Kudu. Ta ja hankalin shugabanninta kan wasu kuɗaɗen da ake biya a asibitin Tembisa, kuma a ranar 23 ga Agustan 2021 aka harbe ta a ƙofar gidanta a Johannesburg, a ƙasar da dokar kare masu fallasa ta shekara fiye da 20 tana aiki. In kuɗin da ka gano masu yawa ne, ko akwai masu ƙarfi a ciki, ka faɗa wa iyalinka halin da ake ciki kafin ka miƙa takardar, ka ajiye cikakken kwafi a hannun lauya da umarnin inda zai kai shi, ka sauya hanya da lokacin fitarka. Duk barazanar da ta zo, ko ta waya ce ko ta bakin ɗan aike, ka kai ta ga 'yan sanda a ranar, ka karɓi lambar rahoton, ka kuma tambayi hukumar da ke binciken ko tana da tsarin kare shaidu da za ta sa ka a ciki.